Irin Latas ɗin Inna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Baba? Ƙafar tana barinsa ya taka? Yaya aikin asibiti, har yanzu matan unguwa ba sa tashi haihuwa sai ranar hutunki? Mu nan lafiya lau muke, sai kewarku.

Na ɗauki biro ne saboda kin ɗauke mini wuta. Sau tara na kira ki a makon nan, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Baba kuwa kin san kunnensa, in na kira shi sai in yi ta ɗaga murya yana tambayar wa ke magana. Shi ya sa na ce bari in rubuto, ko a tsaye ne kya karanta.

Ki daina birkice ɗakin Inna. Kwalbar tana wajena. Kwalbar maganin tarin nan mai ruwan ƙasa nake nufi, wadda take zuba irin latas ɗinta a ciki da 'yar toka, ta toshe bakin da tsumma. Ni na ɗauke ta daga bayan madubi ranar da zan taho, na cusa ta cikin safa, na tura ƙasan akwati. Dogo bai yi miki ƙarya ba da ya ce ya gan ni. Ciki ɗaya muka fito da shi, amma na manta har ya yi furfura bakinsa bai koyi riƙe magana ba.

Kafin ki kira ni ɓarauniya, ki ji dalilina. Kwana biyar da rasuwar Inna, ina wanke kofuna a famfon bayan gida, kika shigo da magini. Yana ja da igiyar awo, kina nuna masa daga ƙofar kicin har gindin tanki, kuma da kunnena na ji kin ce a zuba siminti. Yaya, fangalolinta huɗu suna nan a lokacin, sawun takalminta ma bai goge ba. Ban ce miki komai ba saboda gidan cike yake da masu ta'aziyya, kuma kin san ni, in na buɗe baki sai maƙwabta sun ji. Na haɗiye, na ce a raina in za a binne lambun, irin dai ba za a binne shi ba.

Na san ke ba ki taɓa ɗaukar latas ɗin nan a bakin komai ba. Ni ma muna yara tsaki nake yi in an sa shi a faranti, ganye mai jan baki da ɗan ɗacinsa, na kasuwa ya fi shi laushi nesa ba kusa ba. Amma ba a sayar da shi a ko'ina. Wajen mahaifiyarta ta samo shi. Duk shekara sai ta bar gindi biyar su yi tsawo su yi fure, ta jira furen ya yi farin gashi, ta karkaɗe kawunan a cikin kwano. Da bakinta ta gaya mini irin latas ba ya jure ajiya, in ya tsallake shekara biyu a zafin gida ya mutu. Bara tana kwance ba ta shuka ba. Bana ce ta ƙarshe ke nan.

Dogo ya ce wai Baba ne yake neman kwalbar. Na san wannan dabarar. Tun muna ƙanana, in kina son abu a hannuna sai ki ce Baba ne ya ce in ba ki. Yaushe Baba ya san inda ake ajiye iri? Shi dai nasa ya zauna a kujera ya ce wa Inna ruwan ya yi yawa.

Ba zan aiko da ita yanzu ba, gara in gaya miki gaskiya. Gidan da muka koma yana da ɗan fili a baya, taku shida a taku huɗu, tsakanin igiyar shanya da shingen waya. Ƙasar baƙa ce sidik, ko Inna ba ta taɓa samun irinta ba. Na tsince duwatsun, na yi kaftu, na zuba taki. Kuma in latas sanyi yake so, ai ƙasar wajen nan da muke zaune ita ce gidan sanyi. Zan bi ƙa'idarta sak: ranar da ruwan famfo ya fara cizon hannu da safe, ranar ake yafa iri. Kullum kafin in tafi shagon ɗinki sai na tara hannu a famfon waje na ji. In Allah ya yarda, kwalba ɗaya na ɗauka, uku zan mayar.

Ki gaishe mini da Baba, ki ce masa ina nan ina yi masa addu'a. Ki ɗauki waya, ko zagina ne ki yi.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da jiki, da kowa da kowa na gidan. Takardarki ta iso. Na karanta ta a bakin ƙofa ko jaka ban sauke ba, sai da na nemi wuri na zauna a kan matakala.

Me ya sa ba ki gaya mini ba tun a lokacin? A'a, bari in gyara, me ya sa ni ban tambaye ki ba? Ashe simintin na hanya ne. Siririyar hanya daga kicin zuwa lambu, da ƙarfen riƙewa a gefe, saboda Baba ya taɓa zamewa a taɓon wajen tanki ya kwana biyu bai gaya wa kowa ba. Ke kina neman yadda tsoho zai isa lambun matarsa ba tare da ya karye ba, ni ina bakin famfo ina hura hanci. Kalma ɗaya na ji, na gina miki laifi a kanta har wata bakwai.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne zancen Baba. Kin ce tun rasuwar Inna ba ya fita daga ɗaki sai lalura, abinci sai kin tsaya a kansa. Amma da iska ta fara sauyawa sai ya nemi 'yar kujera da ƙaramar fartanya, ya bi fangalolin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya a zaune, ya yi musu kaftu cikin kwana goma sha ɗaya. Kin ce yanzu kullum da safe yana fita ya jiƙa ƙasar, ya dawo ya ci abinci da kansa, sannan ya tambaye ki ko an ga kwalbar. Ashe shekarun da yake zaune yana cewa ruwa ya yi yawa, kallon komai yake yi. Ni kuma na ce dabararki ce. Allah ya yafe mini wannan maganar.

Yaya, na riga na shuka. Kwana uku kafin takardarki ta zo. Duka.

Na san za ki ce wace irin mahaukaciya ce ke juye kwalba gaba ɗaya. Tunanina shi ne irin ya kwana biyu, rabinsa ma ba lalle ya fito ba, gara in yafa da yawa yadda Inna ke yi, in sun tasa in cire in yi dashe. Da na gama karanta takardarki na fita da rariyar kicin, wai ko zan iya tace ƙasar in tsamo su. Kin san ƙanƙantar irin latas. 'Yan waɗanda na gani duk sun kumbura sun fasa baki. Na mayar da ƙasar na lallaɓa ta da tafin hannu.

Akwai wani abu kuma da ban so gaya miki ba, amma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ga shi. Maƙwabcinmu na bayan shinge wani dattijo ne, tsohon direban bas, yaranmu suna kiransa Kawu Direba. Shekararsa talatin yana noma bayan gidansa. Ranar da nake yafa irin, shi yana tuge komai nasa yana tarawa, yana rufe ƙasar da busasshen ganye. Ya leƙo ya tambaye ni me nake yi. Na ce latas nake shukawa, uwata ta ce da shigowar sanyi ake shuka shi. Ya ce, "Wane sanyin? Sanyin garin uwarki, ruwa yana zama dutse a cikinsa?" Na ce sanyi ai sanyi ne. Ya ce, "'Yata, a nan ko dai kin makara da wata biyu, ko kin yi sammako da wata biyar. Ki rage rabi a kwalbar." Har ya ce in ba shi kaɗan ya rena mini a akwatin gilashinsa. Ni kuwa ƙanwarki sai na ce a raina, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a bayan sitiyari ne zai koya wa 'yar Inna shuka? Na yi masa godiyar da ba ta kai ciki ba, na zazzage sauran a gabansa.

Amma ki ji, sun fito. Wallahi sun fito. Jiya da safe na ga fangalin ya yi kore shar, yau kuma na durƙusa na ga wasu har sun fara nuna jan nan a gefen kunne. Na tsaya ina kallonsu har bas ɗina ya wuce, mai shagonmu ta yi ta mita na bar mata wandunan mutane babu kalmasa. Latas yana da juriya, ba tumatir ba ne. In sun ƙara kwana ashirin sun yi ƙwari.

Ki lallaɓa Baba. Ki ce masa an ga kwalbar, tana hannu mai kyau. Kada ki bari ya daina fita.

Taki mai jin kunya,
Auta

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Ban san yadda ake jera gaisuwa a gaban irin wannan labari ba, ki yi haƙuri da gajartarta.

Sun mutu.

Ranar Litinin muna shago, rediyon da ke kan teburin yanka ya ce sanyi mai tsanani yana tafe. Na ajiye almakashi. Mai shagon, duk mitarta, da ta ga fuskata sai ta jawo buhun ragowar labule ta ce in ɗiba in tafi. Na kafa 'yan sanduna, na lulluɓe fangalin ninki biyu, na danne gefe da bulo. Washegari na ɗaga, suna nan da ransu. Har na yi wa maigidana dariya, na ce ina Kawu Direba ya zo ya gani.

Ranar Laraba famfon waje ya ƙi zuba. Na murɗa, na murɗa, ko ɗigo. Labulen da na shimfiɗa ya sandare, da na ɗaga shi sai ya tashi gaba ɗaya kamar faifai. Na sa yatsa a ƙasa, ƙasar ta ƙi karɓa. Ganyen suna tsaye, har wani sheƙi suke yi, na ce ko sun tsira. Da rana ta ɗan fito sai suka kwanta. Zuwa la'asar sun yi baƙi sun manne da ƙasa. Kwana biyar aka yi a haka ba sassauci.

Yaya, ni na san sanyi a baki ne kawai. Shekara uku ina garin nan, amma a bene muke da, daga ɗaki mai ɗumi sai bas mai ɗumi sai shago mai ɗumi. Ban taɓa tsayawa na ga abin da yake yi wa ƙasa ba. Sanyin da Inna take nufi, wanda za ki sa rigar sanyi da safe ki cire kafin azahar, a nan ba sunansa sanyi ba. Ya zo ya wuce tun ina tsince duwatsu, ni ina tara hannu a famfo ina jiran wanda zai kashe su.

Kawu Direba bai ce ai na gaya miki ba. Da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi. Ya zagayo ta ƙofa da cebur ɗinsa, ya duba ya duba, ya sami wani ɗan gefe a jikin bango da bai gama ƙonewa ba, ya sare shi da ƙasarsa ya sa mini a tukunyar fure. Tsiro bakwai. Na ɗora su a tagar kicin. Amma rana a nan yanzu leƙowa kawai take yi ta koma, ɗakin kuma ga zafin na'urar ɗumama gida. Suka yi ta miƙewa, sirara, farare, suna neman haske, har suka kasa ɗaukar kansu. Na ƙarshen ya faɗi shekaranjiya.

Ban zauna ba. Na tuna shekara huɗu da suka wuce Inna ta ƙulla wa Dogo kaɗan da zai koma wajen aikinsa. Na kira shi. Ya ce ya shuka a shekarar, amma kin san garinsu, ruwan sama wata tara, sauran ukun kuma gumi. Babu wani lokacin sanyi da zai jira. Rabi suka ruɓe a tsaye, rabi dodon koɗi ya cinye. Na ce ya duba ko akwai saura. Ya samo ambulan ɗin a cikin durowa, ya turo mini hoto, duk ya yi funfuna ya dunƙule.

Na sa shi ya kira matar mai kanti da matar liman da duk wadda Inna take ba dashe. Amsarsu ɗaya. Sun ci, sun ji daɗi, amma ba wadda ta taɓa barin gindi ya yi fure. Me zai sa su wahala, Inna tana nan, badi ma za ta ba su.

Na wanke tsumman bakin kwalbar a kan farin faranti ko wata ƙwaya ɗaya ta maƙale. Toka ce kawai.

Ban san abin da za ki gaya wa Baba ba. Ni na ɓata, ke na bar wa kallon idonsa, kamar yadda na saba tun muna yara. In kin ce in kira shi in faɗa masa da bakina, zan yi, ko da unguwa duka za ta ji.

Auta

*

Zuwa ga Yayata, wadda ban cancanta ba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi miki sannu da ɗawainiya. Yaya yara da makaranta? Na ji muryar ƙaramar a waya, ta fara iya surutu, Allah ya sa ba ni ta gado ba.

Ranar Asabar da na ga sunanki a wayata, sai da na goge hannu a zane kafin in ɗauka. Na shirya wa faɗa. Sai na ji kin ce, "Ga Baba," ba ki ƙara ko kalma ba. Sai muryarsa, da ƙarfi yadda yake yi tunda kunnen ya tafi. Wai saƙona ya iso. Wai ya san ba zan riƙe kayan uwata ba, ajiya na yi. Wai ya yafa jiya, kuma Allah ya yi mini albarka, ya ba ni masu yi mini yadda na yi masa. Yaya, addu'ar nan ta ƙarshe ta tsorata ni. Na ce amin, don ban san me ake cewa ba.

Sai daga baya na gane abin da kika yi, da saƙonki ya shigo. Kin je shagon masu kayan noma kin sayo irin latas na leda, kin samo kwalbar maganin tari, kin haɗa da toka, kin toshe da tsumma, kin ce ni na aiko. Ke da ko ƙaryar wasa ba kya yi, har masu haihuwa suna tsoron tambayarki saura minti nawa. Kin yi ƙarya don ki rufa mini asiri, bayan wata uku ba kya ɗaukar wayata. Na gode. Kalmar ta yi kaɗan amma ita nake da ita.

Sai dai ina jin tsoro. Kin ce kin zaɓi wanda hoton ledarsa ya fi kama da na Inna. Hoton leda ba abin yarda ba ne, ni da nake ɗinki na san bambancin abin da ke hoto da abin da ke fitowa. Yanzu suna ƙanana, duk latas kamarsu ɗaya. Nan da sati huɗu fa? Idon Baba ya yi rauni, na sani, amma mutumin da ya gane yadda ake kaftu daga kan kujera, ban ga abin da zai ɓoye masa ba.

Duk da haka na ji daɗin abin da kika ce, yana fita tun da sassafe, ya sa an gyara masa butar ban-ruwa, har yana faɗa da kajin maƙwabta. Kin ce ya ƙara cin abinci. In ƙaryar nan za ta riƙe shi zuwa ƙarshen sanyi, ni na yarda a rubuta zunubin a kaina.

Nan komai fari fat da dusar ƙanƙara, filin bayan gida ya shafe, ba kya ce an taɓa shuka wani abu ba. Jiya na kai wa Kawu Direba rigarsa da na sauya wa zif, matarsa ta ba ni shayi, muka zauna a kicin ɗinsu. Ya ɗauko wata tsohuwar kalanda ya juya bayanta yana zana mini. Ya ce a wajenku sanyi shi ne damar mai lambu, ana shuka latas da karas da kabeji da shigowarsa, a cinye kafin zafi. A nan kuwa sai dai a bi gefensa, ko a shuka a ƙarshen zafi a girbe kafin ƙasa ta daskare, ko a jira ya juya baya, ranar da aka damƙi ƙasa ta wargaje a hannu. Mai son iri kuma na biyun zai bi, don ganyen ya sami dogon yini ya yi fure. A irin garin su Dogo sai a akwati, a ɗaga shi sama, a yi masa rumfa. Ya ce da na bar ko cokali ɗaya, da yanzu saura wata uku mu shuka tare, kuma da ya tabbata zai yi.

Cokali ɗaya, Yaya. Na riƙe kofin shayin har ya huce ban kurɓa ba. Duk wannan bayanin bai fi minti goma ba, kuma a shirye yake ya yi mini shi tun ranar farko.

Ki riƙa gaya mini yadda ake ciki. Ki gaida maigidanki, ki ce na gode da haƙurinsa da danginmu.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka da ladabi, ina tambayar jiki da ƙafa. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Jikokinka suna gaishe ka, mahaifinsu ma yana gaisuwa. Na roƙi Yaya ta zauna kusa da kunnenka na dama ta karanta maka wannan, kada ta tsallake ko layi ɗaya, ko da ta ga abin da ba ta so.

Ta gaya mini abin da ya faru. Ta ce ka yi dashe da hannunka, fangali huɗu, ka yi sati biyar kana ba su ruwa. Ta ce kwanakin baya ka riƙa ɗaga ganyen kana kai shi kusa da ido, kana juya shi. Ranar Talata ka tsinki ɗaya ka tauna, ka daɗe kana taunawa, sannan ka ce, "Wannan ba ya ɗaci." Ka rataye butar a jikin tanki ka shiga ɗaki. Da ta kawo maka abinci ka ce ta ajiye, kuma in ta yi waya da Auta ta ce ka gode. Yau kwana tara ba ka taka hanyar lambun ba.

Baba, ka janye godiyar nan. Na san ka gane, kuma na san don kada ka kunyata mu ne ka yi shiru. Yaya ba ta da laifi, tausayinka da nawa ne suka sa ta. Ni ce na ɗauki kwalbar Inna ba da sanin kowa ba, saboda na zargi 'yar'uwata da abin da ba ta yi ba. An ce mini kai ke nema, na ce ƙarya ne. A lokacin kwalbar tana kan tagata a cike, kuma akwai mai tafiya gida a satin, har ya tambaye ni ko ina da saƙo. Na ce babu. Na shuka shi a ƙasar da ban sani ba, a lokacin da ba nasa ba, bayan wanda ya sani ya hana ni. Sanyi ya kashe shi duka. Babu saura a wajena, babu a wajen Dogo, babu a wajen kowa. Na nema har na gaji.

Na so in ce maka don son Inna na yi. Da sonta a ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. Ina nesa tana jinya, Yaya ce ta yi wanka da wanki da zaman asibiti, ni na iso an riga an gama komai. Na so a ce akwai abu ɗaya nata da ni na tsare. Ban tsaya na tuna cewa akwai wanda ya fi ni rashinta ba, yana ɗaki ɗaya da madubin da na ɗauki kwalbar a bayansa.

Ba zan ce ka fita lambu don ni ba, ba ni da wannan bakin. Ba zan ce na kasuwa ma latas ne ba, ka riga ka tauna. Abin da nake roƙo, in Yaya ta kira ni ta ba ka wayar, kada ka sa mini albarka a wannan karon. Ka yi mini faɗa irin wanda kake yi mini da, da cikakken sunana. Zan ji, ba zan katse ka ba, ba zan kawo dalili ba.

Jiya na zauna na lissafa. Inna ta shigo gidanka da irin nan a ƙullin gefen zane. Ta raya shi a gidan haya, ta raya shi shekarar da rijiya ta ƙafe tana ba shi ruwan wanke-wanke, ta raya shi da goyon kowannenmu a bayanta. Shekara arba'in da shida bai taɓa yankewa a hannunta ba. A hannuna wata bakwai ya yi.

Ka yafe mini in za ka iya, Baba. In ba yanzu ba, zan jira.

'Yarka,
Auta